Kamfanin da Zai Yi Kudu

Iskandariyya, 9 ga Janairu, 1989

Zuwa ga Kawu Ustaz Hifni Abdur-Radi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da tattabarunka da gwiwar nan taka ta hagu. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya hana shanya bushewa kwana shida. Umma tana gaishe ka. Sukarinta ya sauka, bakinta ne dai bai sauka ba. Ta ce in tuna maka, ko da kaka ɗaya ce kawai ta haɗa ku, ai kaka ba wasa ba ce, shekara huɗu ba ka leƙo mu ba.

Kawu, shawara nake nema, kuma ta Turanci ce, shi ya sa ban kai ta wurin kowa ba sai kai. Ka san shekara uku ke nan ina buga tafireta a kamfanin nan da ke ɗura baƙar zumar rake a kwalba yana aikawa ƙasashen waje. To, Madam Sana maƙwabciyarmu ta samo mini gurbi a ofishin wani wakilin jiragen ruwa. Aikin ba daɗi, ɗakin ko taga babu, amma ofishin ya girmi Umma kuma bai taɓa rufewa ba. Sun ba ni zuwa 12 ga Fabrairu in ce e ko a'a. Ka san ni kaɗai ce a kan Umma da maganinta. In kamfaninmu lafiyarsa ƙalau, ba na son barinsa. In kuwa da matsala, gara in sani tun da sauran lokaci.

Manajanmu, Mista Hendarsan, shi ke faɗa mini wasiƙun da yake aika wa iyayen gidansa a Landan, ni kuma ina bugawa. Kowace kalma na san ta, amma da an haɗa su sai kaina ya ɗaure. Na kwafe maka Turancin a 'yar takardar da ke ciki, ga kuma yadda na fahimta. Akwai sabon injin ɗura kwalba da aka kawo bara, ya cinye rabin sito, kuma har yau ban taɓa jin kukansa ba. Shi ne Baturen ya rubuta cewa wai "farar giwa" ne. Na je na duba shi da kyau, Kawu. Kore ne. Sa'an nan a ƙarshen wasiƙar ya ce in ba a yi wani abu ba, kafin bazara "komai zai yi kudu".

Na so in tambaye shi, amma ya ɗauke ni aiki ne a kan Turancina ba gyara, kuma ni da bakina na ce masa a hannun babban malami na koya, cikin hutun makaranta uku a Farshut. Ba zan zubar maka da mutunci ba.

'Yarka,
Nagwa

Farshut, 17 ga Janairu

'Yata Nagwa,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Lahadi. Gwiwa tana nan, ta fi rediyo sanin ranar da za a yi sanyi. Tattabaru sun ƙyanƙyashe takwas. Ki ce wa uwarki jirgin ƙasan da ke kai mutane Iskandariyya shi ne dai yake dawowa Farshut, ban ji an cire masa kujerun mata ba.

Kin yi hankali da kika kawo maganar inda ya dace. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da Turanci. Likitoci biyu da alƙali guda daga bakina suka fara jin harafin A, ko da yake alƙalin ba ya gaishe ni.

Mu fara da giwa. Ke kin taɓa ganin farar giwa? Ni ma ban taɓa ba. To abin da ba a samu sai a gidan manyan sarakuna, shi Bature yake kira haka. Yabo ne. Launin injin ba ruwansa da zancen, kuma na ji kunya da kika je dubawa.

Ta biyun ce ta sa na ajiye kofin shayina. Nagwa, yi tunani mana. Me kamfaninku yake sayarwa? Baƙar zuma. A ina ake matse raken? Nan bayan gidana, har ƙamshin yakan hana ni barcin rana. Wane mai hankali ne zai riƙa loda zuma a tuluna, ya ratsa ƙasar nan kaf da ita har bakin teku, wasu su fashe a hanya, don kawai ya zuba ta a kwalba? Baturen nan ya farga. Kamfanin zai taso ya dawo kudu, gindin rake. Ban da haka, ko ɗan aji ɗaya ya san wanda ya yi kudu hawa ya yi, tunda daga wajenmu Nilu yake gangarawa zuwa wajenku. Mu ne sama, ku ne ƙasa. Tun da aka kafa Masar ba a taɓa cewa mutum ya yi kudu ana nufin ya faɗi ba.

Kada ki kai kanki ɗakin da ba taga. Ki riƙe kujerarki da kyau, don ranar ƙaura waɗanda suka jure su ake fara sa wa a mota.

Na sanar da Umda, mai garinmu, a asirce. Irin wannan labari bai kamata ya zo wa shugaba ba shiri ba.

Kawunki,
Hifni Abdur-Radi
Babban Malamin Turanci (mai ritaya)

Iskandariyya, 25 ga Janairu

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan sanyi ya sassauta wa gwiwa. Wallahi wasiƙarka ta faranta mini rai, sau uku na karanta ta a cikin taragon lantarki har na wuce tashata.

Na karanta wa Umma tana tsinkar lalo. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Hifni ke nan. Muna yara rumbun kakarmu ya kama da wuta, shi ya shigo da gudu yana murna wai ana gasa masara." Na ce mata, "Umma, ke fa ko A ba ki sani ba." Ta ce, "Ban san A ba, amma na san shayi. Ina Amm Gabir?"

Gaskiyarta a nan, Kawu, dole in gaya maka. Amm Gabir, dattijon da ke dafa mana shayi a ofis, an sallame shi satin da ya wuce, yanzu kowa da filas ɗinsa yake zuwa. Cikin wayoyi uku an yanke biyu. Babban mai sito da injiniya sun ajiye aiki rana ɗaya. Mista Hendarsan ya tsaya a taga yana kallonsu suna fita da kwalayensu, ya ce ba tare da ya juyo ba, "ɓeraye sun fara barin jirgin". Ya kuma daina aske gemu.

Jiya saƙo ya zo daga Landan. Sun ce a ƙarshen Fabrairu "za su zare fulogi". Duk na kwafe maka. Madam Sana ta tare ni a matakala ta ce, "Ke Nagwa, jan ajin ya isa haka, kujera ce ba miji ba." Na yi dariya kawai, don na san abin da ba ta sani ba. Amma ka ƙara kwantar mini da hankali.

'Yarka,
Nagwa

Farshut, 2 ga Fabrairu

'Yata,

Lafiya lau nake, har na fi lafiya. Maganar masara kuwa, ki ce wa uwarki a rumbun nan akwai masara, kuma ta gasu.

Ɓeraye. Kamfanin abinci ne fa kuke, Nagwa. In ɓeraye sun bar wurin da ake ajiye zuma, kuka ake yi ko hamdala? Mai sito da injiniyan nan da ma su ne ɓarnar, Baturen ya gane su, yana murna sun tafi. Fulogi kuma, haba. Wa kika taɓa gani ya yi ƙaura da firiji a jone? Sai an zare sa'an nan a ɗauka. Sun ma ba ki ranar tashi ke nan. Mai shayi kuwa, don me za a jawo tsoho tun daga bakin teku alhali a nan kowane gida da gwaninsa? Gemu kuma shiri ne. Yana so ya iso da kamala, ya ji labarin mutanen kudu ba sa ganin girman fuska sulɓi.

Asirin da na ba Umda ya riƙe shi har zuwa sallar Juma'a. Yanzu gari ya ɗauka. Umda ya sa an share masussukarsa an daddaɓe, ya ce nan giwar za ta zauna. Wanzami ya sayo sabon madubi. Magidanta arba'in da uku sun zo gidana na rubuta sunayensu, har da Dahi kurma, wanda ya ce shi gadi yake so. In na shiga gidan shayi yanzu tashi ake yi, abin da ba a yi mini ba ko ranar da na yi ritaya.

Mutum ɗaya ne bai tashi ba, Milad, tsohon malamin labarin ƙasa, wanda shekara goma sha biyar ke nan ba na magana da shi. Ya yi wata dariya ta hanci, ya ce wa kofinsa, "Ko akwai wanda ya duba taswira?" Hassada ciwo ce, Allah ya ba shi lafiya.

Na sa an yi wa ɗakin bene farar ƙasa, wanda matata marigayiya Karima take ɗinki a ciki. Tagoginsa biyu, ɗaya tana kallon rake. Ku da uwarki ba za ku zauna a gidan haya ina raye ba.

Kawunki,
Hifni

Iskandariyya, 6 ga Fabrairu

Kawu,

Gaisuwa a gurguje, a ofis nake rubutawa. Umma lafiya, ta ce a gaida Dahi kurma, wai shi kaɗai ne a Farshut yake da uzuri.

Sabuwa ta fito yau. Mista Hendarsan ya rubuta wa wani abokinsa cewa kamfanin ya kusa "juya ciki sama". Na ce wa Umma ƙila kwanciya ce irin ta wanda ya ci ya ƙoshi. Ta ce ita abu ɗaya ta sani yana juya ciki sama, kuma a kasuwar kifi ake zubar da shi.

Maganarta ta ɗan tsaya mini a rai, ba zan ɓoye maka ba. Amma kai ka karanta, ita ba ta karanta ba. In akwai matsala ka bugo mini talgiram kafin ranar Lahadi 12 ga wata. In ban ji komai ba, zan je in ba Madam Sana haƙuri.

Nagwa

Farshut, 16 ga Fabrairu

Nagwa,

Lafiyata ƙalau, kuma ban cancanta ba.

Wasiƙarki ta iso garin nan tun ranar tara. Amma tun da na cika gari da surutu, mai kawo wasiƙu ya yanke wa kansa hukunci cewa duk takardar da ta fito daga Iskandariyya ta kamfani ce, sai ya kai wa Umda. Umda ya kulle ta a akwati ya tafi garin Ƙina biki. Jiya ya dawo, ya miƙa mini ita a gidan shayi, a gaban jama'a, ya ce, "Ustaz, karanta mana, yaushe motocin za su iso?" Na karanta a zuci. Na ce musu gwiwata ta motsa, na tafi gida. Na buga miki talgiram nan take cewa ki karɓi aikin, na kuma san ya makara.

Yanzu ki saurara, zan gaya miki abin da ko Karima ba ta sani ba.

Ƙamus ɗina juzu'i biyu ne. A 1974 Milad ya ari na biyun zai duba sunan wani kogi. A satin muka yi faɗa a kan wasan dara, na rantse ba zan ƙara taka ƙofarsa ba, shi kuma ya rantse ba zai taka tawa ba. Tun ran nan Turancina a harafin M ya tsaya. A aji ba wanda ya gane, littafin ma'aikatar ilimi na haddace shi. To a Turanci, fari da ɓera da jirgi da fulogi da kudu duk bayan M suke. Na duba giwa, don ita tana juzu'in farko. Ƙamus ya ce, "duba fari". Daga nan na rufe shi na ci gaba da kaina.

Ciki kuwa a harafin B yake. Na duba jiya. Ana faɗar haka ga kifin da ya mutu, da kamfanin da ya bi sahunsa. Uwarki ta ci jarrabawa.

Na sa takalmi na tafi gidan Milad. Ya buɗe ƙofa, ya dube ni sama da ƙasa, ya koma ciki, ya fito da littafin. Ya ce, "Shekara goma sha biyar ina goge masa ƙura, Hifni. Kullum ina cewa gobe jakin nan zai zo." Muka zauna a dakalinsa muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Farar giwa ita ce kayan da ciyar da shi ya fi amfaninsa. Ɓeraye suna barin jirgi ne in zai nutse. Fulogin da za a zare irin na kwamin wanka ne, ruwa ya tsiyaye a huta. Gemun ma, in ji Milad, ba kamala ba ce, baƙin ciki ne.

Kudu ba ta cikin littafin. Milad ya shiga ya ɗauko tsohuwar taswirarsa ya shimfiɗa a ƙasa. Ya ce, "Duba. Turawa a gindin takarda suke sa kudu. Ba ruwansu da inda Nilu ya fito. Duk abin da ya yi kudu a wurinsu gangarawa ya yi. Shekara talatin taswirar nan tana rataye a ajin da ke jikin naka, ko sau ɗaya ba ka leƙo ba."

Amma kada in ɗora wa ƙamus laifina. Ranar da giwa ta ce in duba fari, da na iya rubuto miki "ban sani ba". Kalma uku ce. Ban taɓa faɗa wa ɗalibi su ba, sai na kasa farawa da ke. Akwai kuma wani abu. Tun rasuwar Karima gidan nan ya yi mini yawa, har da tattabaru nake hira. Da idona ya faɗa kan kalmar kudu, wallahi takun mutane na ji a bene. Abin da nake so na karanta miki, ba abin da Baturen ya rubuta ba, kuma ke ce kika biya.

Ki rubuto ki gaya mini ko kujerar tana nan.

Hifni

Farshut, 1 ga Maris

Nagwa,

Ina gaisuwa, ke da uwarki. Sati biyu shiru. Ban ce ba ki da gaskiya ba.

Na tara mutanen na gaya musu da bakina. Umda ya shuka albasa a wurin giwar. Wanzami ya ce madubin a kaina yake, kuma yanzu in ya zo gefen kunnena sai hannunsa ya riƙa rawa da gangan. Yara suna kirana Ustaz Kudu. Dahi bai ji bayanin ba, kullum da safe yana zuwa ƙofata da sandarsa, na rasa yadda zan yi da shi.

Duk wannan ba komai ba ne. Layi ɗaya nake roƙo. Kin samu aikin ko ba ki samu ba? Na so in aiko muku da tulun zuma, sai na tuna ƙila ita ce abu na ƙarshe da kike son gani.

Kawunki, in har yanzu kin yarda,
Hifni

Iskandariyya, 11 ga Maris

Kawu,

Umma tana gaishe ka. Ni sai da na yi sati uku kafin hannuna ya yarda ya ɗauki alƙalami.

Ban samu ba. Ranar 12 na sa takalmina mai kyau na je na ba Madam Sana haƙuri. Har alkawari na yi mata, in mun koma kudu zan riƙa aiko mata da zuma sabuwar matsa. Washegari aka ba 'yar ƙanwar mijinta kujerar. Talgiram ɗinka ya zo ranar 15, Umma ta sa shi a ƙarƙashin ƙafar tebur, da ma yana rawa. An rufe kamfanin ƙarshen wata. Giwar tana nan a sito an lulluɓe ta da tamfol, har yau ba ta yi kuka ba. Ni na yi mata, kwana biyu cur. Na ji haushinka, Kawu, haushi mai tsanani, na kuma ji haushin kaina da na ƙi tambayar mutumin da ke zaune taku huɗu daga teburina don kada a ce ban iya ba. Ashe halin gado ne.

Ranar ƙarshe na gaya wa Mista Hendarsan komai, tun daga giwa har gemu. Ya yi dariya har sai da ya nemi kujera. Can ya ce, "Kawun nan naki, da shi aka sa a Landan. Shekara biyu da suka wuce na rubuta musu a mayar da aikin gindin rake, suka aiko mini da inji." Ban gaya maka wannan don kanka ya kumbura ba. Kuskure ka yi, sa'a ce kawai ta sa kuskuren yake da hankali.

Ya ba ni tafiretar da nake aiki da ita kyauta, da takardar shaida. Gidan haya ba ya jiran marar aiki, nan kuma duk inda na je an riga ni. Umma ta ce a kudu ko ba komai akwai masu ƙorafi da yawa da ba su da mai buga musu takarda, kuma tana da maganganun da ba ta yarda wasiƙa ta isar mata ba, sai ido da ido. Ta ce ɗaki mai taga biyun nata ne, ni in nemi wani.

Saboda haka ka gaya wa mutanenka arba'in da uku, abin da zai sauka daga jirgin safiyar Alhamis 16 ga wata shi ne ni da Umma da tafireta ɗaya da tukwane. Kamfanin ke nan. Dahi zai iya gadinsa.

Saura abu ɗaya. Da muke sallama Baturen ya ce kada in damu, ni irin waɗanda suke "dira a kan ƙafafunsu" ce. Na ƙirga haruffa, ƙafa tana juzu'in farko. Ka duba, dubawa ta gaskiya. In babu, ka san kalma ukun da za ka bugo.

Nagwa

Talgiram, Farshut zuwa Iskandariyya, 14 ga Maris

NA DUBA. MAGE CE IN TA FAƊO DAGA BENE BA TA JI CIWO BA. ALHERI NE. MILAD YA SHAIDA. KO KIN YAFE MINI BAN SANI BA. INA TASHA RANAR ALHAMIS. HIFNI